Hatsin da Ake Bari Cikin Ƙaiƙayi

Ranar Talatar da ta wuce ɗalibai suka tayar da injin sussuka a bayan ginin da ofishina yake, iska ta kwaso warin ƙaiƙayin gero ta shigo min da shi ta taga. Wanda bai tashi a gidan manoma ba zai ce ƙaiƙayi ba shi da wari. Yana da shi. Busasshen wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi, kafin ka gama shaƙarsa ka fara sosa wuya. Sakatare ya tashi zai rufe tagar, na ce ya bar ta. Takardu suna gabana suna jiran sa hannu, amma ranar ban taɓa ko ɗaya ba sai bayan azahar.

Ni ce shugabar wannan jami'a. Kafin a ɗora ni na yi shekaru masu yawa ina koyar da ilimin injunan aikin gona. Idan na shiga ɗaki mutane sukan miƙe tsaye, idan na yi barkwanci sukan fara dariya tun ban kai ƙarshe ba. Ba zan ɓoye maka ba, kujerar nan kaɗaici gare ta. Abincin rana ni kaɗai nake ci a kan tebur, kuma mai cin abinci shi kaɗai yana da lokacin tuna laifuffukansa. Nawa laifin a masussukar unguwarmu ta Matameye na yi shi, ga wata tsohuwa da ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri.

A ƙuruciyarmu ba a sussuke gero gaba ɗaya. Da kaka maza su yanka, su ɗaure dami-dami, a zuba a rumbu da zangarniyarsa. Duk bayan kwana biyu ko uku mai gida ya hau ya fitar da abin da za a ci, mata su ɗauka su fita bayan gari. Gabas da unguwarmu akwai wani fili mai taurin ƙasa a gindin gawo biyu, inda turame suke kwana a kife. Nan ce masussuka. Da rani gawon ya cika da ganye ya ba mu inuwa, da damina ya kaɗe ya bar mu da rana. Tun daga ƙofar gida kana jin taɓare suna sauka, wata tana yi wa wata tsiya a kan guntun zanenta, jarirai suna barci a baya duk da girgizar. In an gama daka sai shiƙa. Mace ta ɗaga ƙwarya sama da kanta ta riƙa tsiyayo hatsin cikin wata ƙwaryar da ke ƙasa, iska ta kwashe ƙaiƙayin gefe, tsaba ta sauka.

Ɗaki ɗaya ne kusa da masussukar, na tsohuwar da kowa yake ce wa Iya. Ba danginmu ba ce, ba dangin kowa a unguwar ba ce. Mijinta mahaƙin rijiya ne, daga wajen Kurni ya zo da ita, rijiya ta rufta da shi tun ba a haife ni ba. Ba ta haihu ba, ba ta da gona. Kuma ba ta karɓar kyauta, wannan kowa ya sani. Ni kaina an sha aika ni da kwanon tuwo, in dawo da shi yadda na kai shi.

"Ki ce wa uwarki na gode, na riga na ci," haka take cewa, tana gyara min ɗankwali.

Abin da take ci kuwa daga ƙaiƙayi yake fitowa. Idan mata suka watse, sai ta fito da tsintsiya da ƙwarya biyu, ta share tulin da iska ta tara, ta sake ɗan dakawa, ta sake shiƙewa. Kullum tana samun abin da zai ishe ta fura da tuwon dare. Tana yi tana mita, da muryar da za a ji ta har bakin rijiya.

"Matan yanzu ba su iya shiƙa ba. Dubi abin da suka zubar, kamar ba da gumi aka noma shi ba."

Matan da suka yi saura sai su sunkuyar da kai, wata ta ce, "Sai haƙuri, Iya, hannu ne ya gaji."

Ina da kamar shekara tara Inna ta fara ba ni ƙwarya. Tun ina ƙarama ni mai naci ce, irin yaran da in aka sa su tsince wake sai an ƙwace faifan daga hannunsu. Na shiƙe nawa sau ɗaya, na duba ƙaiƙayin na ga tsaba tana ƙyalli a ciki, na durƙusa na fara kwasowa zan sake.

"Ya isa haka," in ji Inna.

"Inna, da sauran tsaba."

"Na ce ya isa. Ɗauki ƙwaryarki mu tafi."

Da na ƙi tashi ta murɗe min kunne a gaban mutane, abin da ba ta saba yi ba. Na koma gida ina kuka, na kuma yanke hukunci a raina cewa mahaifiyata mace ce mai ɓarna. Daga ranar na koma ɓangaren Iya. In an taso daga lakwal, wato makarantar boko, nakan ajiye allo in ruga wurinta, mu zauna muna zagin sakacin matan unguwa, ita tana shiƙa ni ina riƙe mata tsintsiya. Ita ta koya min a fara sakin ɗan ƙaiƙayi tsakanin yatsu a ga inda iska ta nufa, ita ta koya min cewa in iska ta yi ƙarfi a sauke ƙwarya zuwa kafaɗa. Duk abin da na rubuta daga baya a kan gudun iska da nauyin ƙwayar hatsi, tushensa a hannun tsohuwar nan na fara ganinsa. Ina son ta ƙwarai, kuma ina jin mu biyu kaɗai ne masu hankali a unguwar.

Da na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, aka tura ni Damagaram. Ranar tafiya Iya ta zo tasha da gumba ƙulle a tsumma ta cusa min a jaka, ba ta tsaya an yi mata godiya ba. Daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai ƙasar waje, inda na yi shekaru ba na jin Hausa sai in na yi magana da kaina a ɗaki. In na zo hutu kuma, na ɗauki taɓarya sai a karɓe a ce hannun lakwal ba ya daka, a shimfiɗa min tabarma a gefe kamar baƙuwa. Haka sa'o'ina suka girma a masussuka suka fahimci abin da mace take fahimta a can ba tare da an gaya mata ba. Ni na girma a aji.

Lokacin da aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai don babban digiri, ban yi dogon tunani ba. Na ce hatsin da ake asara bayan girbi. Na san inda zan same shi. Na dawo Matameye da ma'auni da buhuna da littafi, ina taku kamar wadda ta zo ceton gari. Tsarin aikina mai sauƙi ne: in auna abin da kowace mace ta ɗauka ta tafi da shi, sannan in kwashe ƙaiƙayin duka in tafi da shi in tsince tsabar da ta rage in auna. Sau uku na zo, da kaka, da rani, da farkon damina, kowane zuwa ina yin makonni.

Ranar farko ina cikin cika buhu Iya ta fito da tsintsiyarta da ƙwaryarta. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi buhun. Sai ta ajiye kayanta ta kama min bakinsa.

"Ina za ki kai shi, ɗiyata?"

"Aunawa zan yi, Iya. Zan nuna wa duniya abin da kike faɗa kullum."

"To," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Kullum haka take fitowa ta riƙe min bakin buhu. Ban taɓa tambayar kaina me take dafawa a waɗannan makonnin ba. Daga baya na ji cewa da kwaɗon zogale da rama ta riƙa kwana. Tsabar da na tsince kuwa, in na gama aunawa na rubuta, mai gadin ɗakin gwaji nake bai wa ya watsa wa kajinsa.

Inna ta yi min magana sau ɗaya. Ina wanke hannu a tsakar gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki bar ƙaiƙayin nan inda kika same shi." Na tsaya na yi mata bayani mai tsawo a kan yunwa da ci gaban ƙasa, har da kalmomin Faransanci. Ta saurare ni har na gama, ta ɗauki tulu ta fita.

Abin da ma'aunin ya nuna ya ba ni kunya ya kuma faranta min rai. Asarar masussukarmu ta fi wadda na karanta a littattafai. Na ji kunyar matan garinmu, na yi murna don bincikena ya samu nama. Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Da farkon damina, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, kowa yana lallaɓa abin da ya rage, a lokacin ne tsabar cikin ƙaiƙayi ta fi yawa. Na yi kwanaki ina juya abin, daga ƙarshe na rubuta cewa gajiyar aikin gona ce take sa mata sakaci. Malamaina suka yaba da wannan bayani.

Shekarun da suka biyo baya a wurin masu walda na yi su, ina ƙona gefen zane da tartsatsi, har muka fitar da inji mai sussuka da shiƙa a lokaci ɗaya, da fanka a ciki da rariya hawa biyu. Injin nan shi ya yi min suna. Shi ya ba ni digirin, shi ya kai ni matsayin farfesa, kuma da ba don shi ba babu wanda zai tuna da ni ranar da ake neman shugaba. Na dage a fara kafa shi a unguwarmu, na sa ɗan kawuna ya zama mai kula da shi. Ba zan yi ƙarya in ce bai yi amfani ba. Kantar hannun mata ta warke, 'yan mata suka daina makara a lakwal, aikin yini ya koma na ɗan lokaci. Har gobe ba na nadamar wannan.

Ranar da aka fara aiki da shi, bayan jama'a sun watse, na ga Iya ta fito. Ta tsufa sosai a lokacin, tana tafiya tana dafa gwiwa. Ta share tulin da injin ya feso, ta cika ƙwarya, ta saki ɗan kaɗan tsakanin yatsu, ta ɗaga. Iska ta kwashe komai. Ta sake cikawa ta sake ɗagawa, har sau huɗu. Ƙwaryar ƙasa ko ƙwaya ɗaya ba ta karɓa ba. Ta juyo ta gan ni tsaye ina murmushi.

"Mashin ɗinki ba ya mantuwa," ta ce.

Na ɗauka yabo ne, har na ce mata na gode.

Da la'asar na shiga gida ina ba Inna labari da ɗoki. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta dube ni yadda ba ta taɓa duba na ba.

"Ke da karatunki duka, ba ki taɓa tambayar kanki me Iya take ci ba?"

Sannan ta gaya min. Bayan an gama zaman makokin mahaƙin rijiya, Iya ta ce muddin hannunta yana ɗaga ƙwarya ba za ta ci sadakar kowa ba. Kakata ce ta fara karkata ƙwarya kaɗan wajen shiƙa, yadda ɗan hatsi zai bi ƙaiƙayi. Ta kusa da ita ta gani ta yi haka. Babu taron da aka yi, babu wadda ta umarci wata. Yarinya tana girma tana kallon hannun uwarta har ta gane. In damina ta kama, abinci ya yi wuya, sai a ƙara karkatawa, don an san a lokacin tsohuwar ba ta da wata hanya. Abin da na auna na kira shi sakaci, na samu digiri a kansa, abincin Iya ne da matan unguwa suka yi shekaru suna ajiye mata.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Amma ni mai gyara ce, duk abin da ya lalace a ganina akwai ƙusar da za a ɗaure. Washegari na sa aka kai wa Iya buhun gero a amalanke. Kafin azahar amalanken ya dawo da buhun, da saƙon cewa ta gode, tana da sauran abinci. Sai na yi tunanin dabara, har na ji daɗin kaina. Na je wurin injin na kwance murfin fanka, na buɗe ƙofar iska fiye da ƙa'ida, yadda za ta riƙa tura tsaba cikin ƙaiƙayi. Ɗan kawuna yana kallo ya ce, "Yaya, ai zai riƙa zubarwa." Na ce na sani, ya yi shiru da bakinsa. Injin da na yi shekaru ina hana shi asara, da hannuna na koya masa.

Kwana uku bayan haka muna zaune a tsakar gida muka ji sallama. Iya ce, ɗauke da ƙwarya cike da gero tas, ta sauke a gaban Inna da ƙyar. Aka ba ta tabarma ta ƙi zama.

"Mashin ɗin ɗiyarki ya samu matsala, yana zubar da hatsin mutane. Ga shi, a mayar wa masu shi." Sannan ta juyo gare ni. "Ke kuma ki gyara abinki. Ai kin iya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɓata fuska ba. Ta karɓi ƙwaryarta bayan an juye, ta yi mana sai an jima. Da yamma na je na mayar da ƙofar iskar yadda take.

Na koma bakin aiki da niyyar in dawo da wata dabarar. Ban samu dama ba. Wata ranar kasuwa Iya ta ɗaure ƙofar ɗakinta da igiya, ta bi amalanken wasu mutanen wajen Kurni zuwa wani ƙauye inda dangin mijinta na nesa suke, inda har lokacin da hannu ake sussuka. Ta biya ta yi wa Inna sallama, ta ce a gaishe ni. A damina ta biyu ta rasu a can. Labarin bai iso ni ba sai bayan an yi sadakar arba'in, ina tsakiyar shirya jarrabawa. Ko matan ƙauyen nan sun san ana karkata ƙwarya, ban sani ba. Wannan tambayar ta fi kowace zama min a rai, kuma babu wanda zan yi wa ita.

Yanzu gidajen siminti ne a inda masussuka take, gawo ɗaya ya rage a cikin wani shinge. Injuna irin nawa sun bazu har Kance da Yauri, 'yan matan da ake haifa yau ba su san nauyin taɓaryar sussuka ba, kuma ina yi musu murna. Duk shekara nakan bar ofis in shiga ajin 'yan shekarar farko sau ɗaya, in ce musu kafin su toshe wata asara su bi ta su ga bakin wa take shiga. Sukan rubuta da sauri, wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Da ƙaramar sallar bana na je gida. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, yawancin yini a kan tabarma take a ƙofar ɗaki. Muna zaune mu biyu, na yi mata tambayar da na daɗe ina riƙe da ita.

"Inna, Iya ta san da gangan kuke barin hatsin nan?"

Ta yi ɗan murmushi. "Ta sani mana. Matar da ta fi mu duka iya shiƙa? Ta sani, mu ma mun san ta sani. Shi ya sa take mana faɗa, mu kuma muna ba ta haƙuri, kowa ya tafi da mutuncinsa."

"To da ban kawo mashin ɗin ba..."

"Ba mashin ne ya kore ta ba," ta katse ni. "Mun riga mun fara shawara a tsakaninmu. Da mun riƙa kai mata surfe da tsintar wake, mu ce aiki ya yi mana yawa, ta taimaka ta ɗauki rabonta. Da ta zauna. Amma kowa a garin nan ya san abinki ba ya kuskure. Ranar da ta ga tsaba a ƙaiƙayinsa, ta san hannunki ne, ta san kuma kowa zai sani. Shekara da shekaru babu wadda ta ce mata sadaka take ci. Ke kika gaya mata."

Duk tsawon shekarun nan injin na ɗauka shi ne laifina, har na saba da nauyinsa, ina lallashin kaina da cewa aƙalla na yi ƙoƙarin gyarawa. Inna ta ce ƙishi take ji. Na tashi na ɗebo ruwa a randa, na durƙusa na riƙe mata kofin tana sha har ta ƙoshi.